Kwana biyar da dashen gashi, fuska ta kumbura, ga ɗaurin aure saura mako bakwai

Assalamu alaikum. Shekarata 34, ɗan kasuwa ne ni a Kano. Sanƙo ya cinye min gaban kai, sai na je Istanbul aka yi min dashen gashi. An ce saiwa 3,500 aka ciro daga ƙeya aka dasa a gaba. Yau kwana biyar ke nan. Goshina ya kumbura har ya sauko idanu, kan duk ɓamɓaroki, ga ƙaiƙayi kamar in tsaga fatar. Jiya na ga silin gashi biyu ko uku a kan matashi. Wanda ya haɗa ni da asibitin ya daina ɗaga waya. Wani abokina ya ce in riƙa shafa man habbatus sauda da man zaitun. Yaya zan yi da alwala da sujada, kuma yaushe zan sa hula? Ɗaurin aurena saura mako bakwai, gashin zai fito kafin nan? Sannan na daɗe ina da wasu ƙananan ƙuraje masu tauri a ƙeya da ke tashi in na yi aski, ban gaya wa likitan ba.

Ango mai jiran gado, Kano

Wa'alaikumus salam, angon gobe. Allah ya sanya alheri, ya ƙara sauƙi.

A cikin duk abin da ka lissafa, kumburin da ya fi tayar maka da hankali shi ne mafi sauƙi. Ƙurajen ƙeyar da ka ajiye a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, su ne suka fi tsaya mana a rai. Za mu zo kansu. Amma bari mu fara da abin da ba ya jira, wato kwana biyar ɗin da ke gabanka.

Kowace saiwa da aka dasa maka ɗan guntun fata ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ɗauke da silin gashi ɗaya zuwa huɗu. Ba ɗinke ta aka yi ba. Rami aka huda ƙarami aka zura ta, jinin da ya daskare ya riƙe ta kamar gam. A kwana biyu ukun farko da ruwan da ke tsattsafowa daga fatar gefenta take rayuwa, daga nan ƙananan jijiyoyin jini su fara haɗuwa da ita. Wasu likitoci biyu a Amurka, Bernstein da Rassman, sun gwada ƙarfin wannan riƙon suka wallafa sakamakon a 2006. Abin da suka gani: a kwana biyun farko, in aka ja silin gashi saiwar na biyo shi. Zuwa kwana na shida jan gashin ba ya tumɓuke ta. Amma ɓamɓarokin da ya manne, in aka ɓamɓare shi har kwana na biyar yana tahowa da saiwar, kuma sai a kwana na tara ne haɗarin ya gushe gaba ɗaya. To ka ga inda kake. Kana tsakiyar kwanakin da farce ɗaya zai iya cire abin da ka biya kuɗin jirgi ka je nema. Ka ɗauki kwana na goma a matsayin iyaka, kafin nan kada komai ya goga wurin.

Komai ɗin nan ya haɗa da abubuwan da mutum ba ya kawowa a ransa. Gaban kanka a sandare yake saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka yanka, za ka iya buga shi ba ka ji ba. Saiwoyi da yawa a bakin ƙofar mota ake rasa su, ko wajen shiga adaidaita sahu, ko a ƙofar ɗaki mai gajeren dogari. Ka sa hannu a saman ƙofa kafin ka shigar da kai. Ka ajiye kaftani da jallabiya da duk rigar da sai an zura kai ta ƙaramin wuya, ka koma riga mai maɓalli daga sama har ƙasa. Kwanciya rigingine kawai, da matashi biyu ko uku a bayanka yadda kai zai ɗagu kamar rabin zama, sannan ka sa matashin wuyan nan na matafiya don kada ka juya cikin barci. In kana kwana a gidan sauro, ka ja shimfiɗa nesa da ragar. Yaran gida masu hawa wuya kuwa a ba su haƙuri na mako ɗaya.

Silin da ka gani a matashi, ga yadda za ka gane. Saiwar da ta fita a waɗannan kwanakin ba ta fita shiru, jini ne ke biyo ta daga ramin, ka ga ɗigo yana gangarowa. In babu jini, gashin ne kawai ya karye ko ya zame, saiwar na ciki. In kuwa jinin ya zo, ka ɗauki auduga mai tsabta irin ta asibiti ka danna wurin a hankali minti goma cur ba ɗagawa, ba murzawa. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da saiwar ramin. Rasa biyu ko biyar cikin 3,500 ido ba zai taɓa ganewa ba.

Kumburi kuwa ruwa ne. Lokacin aikin an ɗura maka ruwan gishiri mai yawa haɗe da maganin kashe zafi a ƙarƙashin fatar kai don ta ɗagu, ga kuma ruwan da jiki ke tarawa a duk inda aka ji masa rauni. Ruwa ba ya hawa sama. Yana barin kai ya sauko goshi a kwana na biyu zuwa na huɗu, ya taru a fatar ido, wani ma idon ya kusa rufewa ko ya yi baƙi kamar an naushe shi. Saukowarsa ido alama ce ta yana kan hanyar fita, kuma galibi cikin mako ɗaya ya wuce. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ka ɗora a saman gira minti goma, sau uku ko huɗu a rana, kada ta kai inda aka yi dashen. Ka sa yatsu biyu a tsakiyar goshi kana tura ruwan zuwa gefen kunnuwa. Ka rage gishiri da sunkuyawa a kan waya. In an sallame ka da ƙwayoyin rage kumburi na 'yan kwanaki, irin su firednisolon, ka sha yadda aka rubuta, in sun ƙare kada ka je kemis ka ƙaro. Suna tayar da sukari kuma suna raunana garkuwar jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba ka kuwa ka shanye shi duka. Don ciwo farasitamol ya isa, ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada su wuce takwas a yini. Asfirin da dangin ibufurofen da dikulofenak suna iya ƙara zubar jini, ka bar su a wannan makon, sai fa in likita ne ya ɗora ka a kan asfirin saboda zuciya, to wannan kada ka daina sai da izininsa.

Yanzu wanki, wanda nan ne mutane suka fi kuskure, kuma ba da garaje kawai ake kuskuren ba. Da yawa tsoro ne ke sa su ƙi taɓa ruwa sam, ɓamɓarokin ya taru ya yi kauri ya haɗe kamar ƙanzo, ƙwayoyin cuta su sami mafaka a ƙarƙashinsa. A iskar hunturu abin ya fi saurin bushewa da tauri. Wanki kullum sau ɗaya wajibi ne. Ka fara da shafa man laushin da asibitin ya ba ka, ruwa-ruwa ne ko kumfa, ta hanyar ɗorawa da tafin yatsu ba gogawa ba, ka bar shi minti ashirin zuwa talatin ya jiƙa ɓamɓarokin. Sai ka ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda in ka sa gwiwar hannu ba za ka ji zafi ba. Da moɗa ko kofi za ka zuba, kusa da kai, kada ka tsaya ƙarƙashin shawa. Ka zuba shamfu a tafin hannu, in nasu ya ƙare na jarirai ya wadatar, ka murza ya yi kumfa a hannun, sannan ka ɗora kumfar a wurin kana dannawa kaɗan kana ɗagawa. Ka ɗauraye, ka tsane da takardar goge hannu mai laushi ta hanyar ɗorawa. Tawul yana da zare da ke kama gashi. Ƙeya ita ana iya murza ta a hankali tun yanzu. Daga kwana na goma sai ka fara zagaya tafin yatsu a hankali a kan ɓamɓarokin bayan ya jiƙa, za ka ga yana saki da kansa, kuma zuwa kwana goma sha biyu ko sha huɗu ya kamata kan ya fita fes. Wanda ya ƙi saki a ƙara jiƙa shi gobe, ba a sa masa farce.

Ruwan wankin ma abin dubawa ne. Kanka yanzu ƙananan raunuka ne dubbai. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a tafasa shi a bar shi ya huce kafin ya hau kan, ko ka yi amfani da ruwan roba na wannan makon.

Ƙaiƙayi alamar warkewa ce da bushewa. Ka sayi ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi mai ƙarfin kashi 0.9, ana samunsa a kemis a leda ko roba mai mililita 500. Ka zuba a sabuwar kwalbar feshi, ka ajiye a firij, ka riƙa fesawa daga nesa kamar taƙi ɗaya duk bayan awa ɗaya ko biyu in kana farke. Da dare ƙwayar setirizin mai miligiram 10 guda ɗaya tana kwantar da shi. Ka yanke farce ƙwal, don susar cikin barci ba ta neman izini.

Maganar abokinka, ka gode masa ka ajiye kwalbar. Habbatus sauda da zaitun suna da matsayinsu, amma ba a kan buɗaɗɗen rauni ba. Man da aka ɗura a kwalba a kasuwa ba a tace shi daga ƙwayoyin cuta ba, yana toshe bakin ramukan, yana kama ƙurar hunturu, kuma man habbatus sauda yana ƙona fatar wasu ya tayar musu da borin jini. Haka man kaɗanya, man shanu, tafarnuwa, ruwan albasa, sabulun salo, Dettol, sifirit da aidin. Waɗannan ukun na ƙarshe suna kashe ƙwayar cuta, gaskiya ne, amma suna illata sabon naman da ke ƙoƙarin haɗuwa. Sai mayukan nan masu haɗi uku da ake ba mutum a kemis a kan kowane ƙurji. Akwai sinadarin sitiroyid a cikinsu da ke ɓoye alamun cuta yana jinkirta warkewa. In wata ɗaya ya cika fatar ta rufe, ɗan man zaitun a ƙeya don bushewa ba laifi.

Sallah. Abin da ya shafi jiki za mu faɗa maka, hukuncin kuwa ka kai wa malaminka tare da wannan bayanin. Shafar kai yadda aka saba, daga goshi zuwa ƙeya a dawo, hannu ne ke bi ta kan dashen gaba ɗaya har ya dawo ta inda gashin bai kwanta ba. Wannan kada ka yi shi kafin kwana na goma. Wajen wanke fuska ma ka tsaya kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da layin dashen. Sujada tana da matsala biyu: kifa kai ƙasa yana tura jini da ruwa gaba, ya ƙara kumburi ko ya ɓalle jini, sannan in an sauko maka da layin gashi sosai, darduma na iya gogarsa. Addini bai bar mara lafiya a tsaye ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da bayanin shafa a kan ɗaurin rauni da taimama ga mai tsoron cutuwa. Malam zai gaya maka wanda ya dace da halinka, har da batun cuɗa kai in wanka ya kama ka. Daga kwana na goma za ka iya sujada a hankali a kan darduma mai tsabta wadda kai kaɗai ke amfani da ita, in ɓamɓaroki ya gama zuba kuma ka koma shafarka da sauƙin hannu.

Hula kuwa sai an bambanta. Hular da asibitocin Turkiyya kan bayar, mai faɗi mai zurfi wadda ba ta taɓa saman kai, ita ce ta fita a yanzu in fitar ta zama dole, a sa ta da hannu biyu a cire da hannu biyu. Hulunanmu daban suke. Zanna da ƙube da damanga an wanke su an sa musu sitaci an buga sun yi tauri, kuma bakinsu daidai kan layin da aka dasa maka yake zama, ya kuma matse ƙeya inda aka ciro. Ka ba su mako uku zuwa huɗu. In ka koma sawa, ka zaɓi wadda ta ɗan yi maka yawa, wankakkiya, kada ka wuni da ita, ka cire in gumi ya taru. Hular kwano wata ɗaya aƙalla. Rana kai tsaye a kan wurin ka guje ta wata uku, domin sabuwar fata ta baƙin mutum tana saurin yin dabbare-dabbare, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, ga shi ba za ka ji ƙunar ba tunda wurin a sandare yake. Tafiya a ƙasa ba laifi tun yanzu. Ɗaga kaya masu nauyi da gudu sai bayan mako biyu, ƙwallo da ninƙaya sai bayan wata. Sigari da shisha suna tsuke jijiyoyin da saiwoyin ke jira, in kana sha wannan ne lokacin ajiyewa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Mugunya ko wari. Wuri ya yi zafi, ya yi sheƙi, yana faɗaɗa, kuma ka lura a fatarmu ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, don haka da bayan hannu ake jin zafin. Kumburin gefe ɗaya mai ciwo, saɓanin wancan na ruwa da ba ya ciwo. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti ashirin ana dannawa. Sai wani faci baƙi ƙirin mai tauri kamar busasshiyar fata, yawanci a tsakiyar gaban kai, wanda ke nuna jini bai isa wurin ba naman ya fara mutuwa. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi samun masu shan taba da masu ciwon sukari da waɗanda aka cusa wa saiwoyi da yawa a ƙaramin fili. Ko ɗaya ka gani ka tafi asibiti a ranar. In kana da ciwon sukari, ka riƙa aunawa kullum a wannan makonnin.

To mu dawo ƙeya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da ka faɗa, likitan kirki zai dakata ya duba kafin ya huda wurin. Ba za a iya yanke hukunci daga wasiƙa ba, amma ƙuraje masu tauri a ƙeya da ke tashi bayan aski sun yi kama da wata cuta da aka fi sani a maza baƙar fata. Gashinmu a lanƙwashe yake tun daga ƙarƙashin fata, in aka yi ƙwal-kwabo ko aka kankare da reza sai tsinin ya koma ya soki fata, wurin ya yi ta kumburi yana warkewa da tabo. In aka bar shi, ƙurajen kan haɗe su zama tudu guda mai sheƙi wanda gashi ba ya sake fita a kansa. Yanzu ka duba abin da aka yi: an aske wannan wurin tas, an huda shi sau 3,500 da ƙarfe mai faɗin kusan milimita ɗaya. Ga mafi yawan mutane waɗannan ramukan ɗigo-ɗigo suke zama masu haske da gashi ke rufewa. Ga mai jikin da ke yin tabo mai tudu, suna iya zama mafarin abin da ya fi sanƙo muni, kuma ya fi shi wuyar magani.

Ka duba jikinka. Akwai tsohon rauni, shaidar allura a kafaɗa, ko ƙurji a ƙirji da ya warke ya bar tudu da ya zarce girman raunin? Akwai mai irin haka a gidanku? Ko akwai ko babu, ka nemi ganin likitan fata cikin mako biyun nan, kada ka jira sai abu ya fito. A Kano akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, haka a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Dalilin gaggawar shi ne irin wannan tabon ba ya nuna kansa da wuri, daga wata ɗaya zuwa 'yan watanni yake fara tasowa, kuma yana jin magani tun yana ƙarami: mayukan da likita zai rubuta, wani lokaci ƙwayoyi na 'yan makonni, in ya fara tudu kuma allurar tiriyamsinolon a cikin tabon duk bayan mako huɗu zuwa shida. Daga yanzu reza ta haramta a ƙeyarka, haka wuyan riga mai tauri da ke gogar wurin. Wannan likitan shi ne kuma zai zame maka madadin wanda ya daina ɗaga waya. Ka rubuta wa asibitin Istanbul ɗin kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, ka nemi takardar aikin: adadin saiwoyin, inda aka dasa su, da sunayen magungunan da aka yi maka amfani da su.

Sai tambayar biki, kuma gara ka ji gaskiya yanzu. A'a, gashin ba zai fito ba. Hasali ma wanda kake gani yanzu tsaye-tsaye zubewa zai yi. Daga mako na biyu zuwa na takwas mafi yawan silin da aka dasa suna faɗuwa, wasu da ɗan farin abu a gindinsu da mutane ke ɗauka saiwa ce, alhali busasshen gindin silin ne. Duk wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadama ya san wannan: an ciro iri an dasa, ganyen ya kwanta ya yi yaushi kamar ya mutu, saiwar kuwa tana ƙasa tana kama ƙasa. Girgizar aikin ce ke tura saiwar hutun wata uku. Wani lokaci har gashinka na asali da ke kusa da wurin, ko na ƙeya, yana zubewa saboda wannan girgizar, ya dawo bayan wata uku zuwa shida. Ranar ɗaurin aurenka, kusan wata biyu da aikin, ta faɗo daidai lokacin da kan ya fi muni, wataƙila ya fi yadda yake kafin ka tafi. Sa'arka ɗaya, kai Bahaushe ne, ba wanda ke tsammanin ganin ango ba hula, kuma a lokacin hular ta halatta. Amarya dai a gaya mata tun yanzu.

Wanda za ka yi hattara da shi a makon bikin shi ne mai aski. Al'adar askin ango ita ce a fitar da layin goshi da reza a shafa baƙin rini. Kada ya kusanci layin dashen da reza ko injin da ba kariya. Gefe da ƙeya ana iya rage su da inji mai kariya bayan wata ɗaya, da naka injin ba na shago ba. Saman a bar wa almakashi har wata uku aƙalla, asibitoci da yawa ma wata shida suke cewa. Baƙin rini na ɗauke da sinadarin da ake kira PPD wanda ke kumbura fatar wasu ta yi ruwa, ka haƙura da shi a wannan bikin.

A wata na biyu zuwa na huɗu za ka iya ganin ƙuraje kamar na fuska a inda aka dasa. Sabon gashi ne ke neman hanya, kuma mai lanƙwasa ya fi maƙalewa. Ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka ɗora minti goma, sau biyu ko uku a rana, kada ka matse. In sun yi yawa, suna ciwo ko suna komowa, likitan fatar ya gani. Sandarewar fatar ma takan ɗauki makonni zuwa watanni kafin ji ya dawo, da ɗan tsikari kamar tafiyar kiyashi. Sabon gashi yana fara leƙowa a wata na uku zuwa na huɗu, siriri, ba a tare ba. Tsawon gashi kan ƙaru da kusan santimita ɗaya a wata, namu ma bai cika kaiwa ba. A wata na shida za ka ga fasali, hukunci kuwa sai shekara ta cika, tsakar kai har wata goma sha takwas.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne dashe bai warkar da sanƙo ba. Sanƙon maza gado ne da aikin wani sinadarin jiki da ake kira DHT, wanda ke sirantar da saiwoyin gaba da na tsakar kai har su daina. Na ƙeya ba sa jin sa, kuma suna tafiya da wannan halin duk inda aka kai su, abin da likitan fata Norman Orentreich na New York ya nuna a 1959, wanda a kansa aka gina sana'ar gaba ɗaya. Ma'ana wanda aka dasa zai zauna, amma naka na asali da ke bayansa zai ci gaba da tafiya. A shekara 34 tafiyar ba ta ƙare ba. In ba a tare ta ba, nan da wasu shekaru sai a ga tsibirin gashi a gaba da fili a bayansa, ga ƙeyar da aka riga aka ɗebi 3,500 daga cikinta, kuma inda aka ciro ba ya sake tsirowa.

Akwai magunguna biyu da aka tabbatar suna tarewa. Minoksidil na shafawa mai ƙarfin kashi 5, mililita ɗaya safe da yamma a busasshen kai. Ba a fara shi sai fatar ta warke, kamar mako uku zuwa huɗu, saboda akwai sinadarin da ke yin zafi a rauni, kuma a makonnin farko yakan ƙara zubar gashi kafin ya gyara. Sai finasterayid, ƙwaya mai miligiram 1 a rana, da ke rage DHT da kusan kashi biyu cikin uku. Shi ne ya fi ƙarfi, amma ga ango akwai magana. A gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi a Amurka a 1997, kusan maza huɗu cikin ɗari sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko ƙarfi, a waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta kuwa kusan biyu cikin ɗari. Yawanci yana wucewa in an daina, kodayake akwai masu cewa nasu ya daɗe. Yana kuma iya rage yawan maniyyi ga wasu, kada mace mai ciki ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, sannan yana rage sakamakon gwajin PSA, wato gwajin jini na duba lafiyar furostet da ke ƙasan mafitsarar maza, da kusan rabi, don haka duk likitan da zai yi maka gwajin nan gaba sai ya sani. A ganinmu ba abin da za ka rasa in ka jinkirta shi 'yan watanni har hidimar biki ta lafa, ka zauna da likita ku yi maganar haihuwa, sannan ka yanke shawara. Dukansu biyun in aka daina, abin da suka riƙe yana zubewa cikin watanni. Ka saya a babban kantin magani, ka duba lambar NAFDAC.

Ƙwayoyin bayotin masu tsada da ake haɗo mutane da su ba sa ƙara komai ga wanda ba shi da ƙarancinsa, kuma suna rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na maƙoƙo da na zuciya, in kana sha ka faɗa kafin a ɗebi jininka. Ƙwai, wake, kifi, nama da zogale sun fi su amfani.

Tun daga yau ka sa wani ya riƙa ɗaukar kanka hoto ranar ɗaya ga kowane wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya: gaba, sama, gefe biyu, da ƙeya kusa-kusa. Madubin kullum ba ya nuna canji, hoton wata-wata yana nunawa. Na ƙeyar shi za ka fara miƙa wa likitan fata in ka je.